Banda: Aikin Da Ke Farawa Bayan Kifi Ya Bar Ruwa

Yau tarihin sana'ar kifi nake so mu taɓa, amma na bakin gaɓa, wanda ba a cika yi wa kirari ba.

Gulbin Gabi da ya ratsa ƙasarmu yana zuba ruwansa a tafkin Madarumfa, tafkin da aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2019. Wanda duk ya ji sunansa, abu biyu ke faɗo masa a rai: kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, sai kuma kifi. A bakinmu na nan "kihi" muke cewa, tafki kuma "tabki", kamar 'yan'uwanmu na Gobir da Sakkwato.

Masunci shi ido ke gani. Shi ke jefa birgi, ya shimfiɗa kalli, ya ɗana mamari mai ƙugiyoyi barkatai, ko ya kwanta bisa gora riƙe da koma. Sarkin Ruwa kuma shi ke da maganar ruwa. To, amma da kifi ya taɓa tudu, wani aikin ya tashi. A zafin bazara, abin da aka kamo da hantsi kafin la'asar ya soma wari. A zamanin kakanninmu babu ƙanƙara, babu mota. Wuta da rana kaɗai ke tsakanin masunci da asara.

Akwai mai ware kifi: tarwaɗa gefe, karfasa gefe, ƙurungu gefe saboda ƙayarsa mai mugun suka. Akwai mai kankare ɓawo, da mai feɗe ciki ta wanke. Yara na ɗibar ruwa da itace. Ƙanana a baza su bisa tabarma su sha rana, a sa yaro korar ƙuda da shirwa. Manya kuwa sai murhun banda.

Nan gwaninta take. Na taɓa tsayawa ina kallon wata tsohuwa tana ɗaukar tarwaɗa, ta lanƙwasa ta kamar gammo, ta haɗa wutsiya da kai ta soke da tsinke, ta jera bisa sandunan da aka gitta a bakin murhun laka. Ba ta barin wuta ta yi harshe. Da ta ga ta ɗago sai ta yayyafa ruwa, hayaƙi ya turnuƙe, idanunta jawur suna hawaye. Da bayan hannu take auna zafi. In wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, bayan kwana kaɗan tsutsa ta fito. In ta yi kaɗan, kifin ya ruɓe a bisa murhu. Sai a juya, a sake juyawa, wani lokaci a kwana ana yi. Wannan shi ne ƙyafe, abin da ya fito kuma shi ne banda. Ni a ganina, matar nan ta cancanci girman da ake ba mai taru.

Kalmar banda ta yi tafiya mai nisa. A tafkin Chadi, inda masunta Hausawa suka yi ta kwarara, ana yanka manyan kifaye gunduwa-gunduwa, a babbake da ciyawa, a shanya. Daga kasuwar Doron Baga ake loda shi a manyan motoci har Onica da Legas, kuma can ma da sunan banda ake sayensa. Namu na nan ya fi zagaya kasuwannin kusa, irin su Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, da can a kwando bisa jaki, daga baya a kwali. Tsakanin mai banda da falke akwai dillali, wanda ke karya guda ɗaya ya shinshina kafin a yi ciniki.

Abubuwa sun sauya. Rabin ganga da ragar waya sun maye murhun laka, suya ta karɓe wani kaso na kasuwa, itace ya yi tsada. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajen 1990, ruwan Gulbin Maraɗi bai koma yadda yake ba, ga rairayi na cike tafkin Madarumfa. Abin da ya fi damuna shi ne masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya lalace. Guba ce suke sa wa a tukunyar mutane, su ji tsoron Allah su daina.

Matasanmu, in kuna da tsoho ko tsohuwa da suka yi wannan sana'a, ku zauna da su ku ɗauki muryarsu a waya. Ku tambayi sunan kowane kifi da kowane kayan aiki yadda ake faɗa a garinku, ku rubuta kafin Allah ya yi musu cikawa.