Karɓe Ikon da Shugaba Ƙais Sa'id Ya Yi a Tunisiya (2021)

A ranar 25 ga Yulin 2021, shugaban Tunisiya Ƙais Sa'id ya sallami firaminista Hisham Mashishi, ya dakatar da majalisar dokoki na kwana 30, ya kuma cire wa 'yan majalisa rigar kariya. Magoya bayansa na kiran matakin gyara, 'yan adawa kuwa suna kiransa juyin mulki.

Tunisiya ce mafarin boren ƙasashen Larabawa, wanda ya kori Zainul Abidina Ben Ali daga mulki a Janairun 2011. Kundin tsarin mulkin 2014 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista da majalisa, amma jam'iyyu suka kasa naɗa kotun tsarin mulki da za ta raba gardama tsakaninsu. Rashin aikin yi da tsadar rayuwa suka ci gaba, ga kuma annobar korona da ta cika asibitoci a 2021. Sa'id, malamin shari'a da aka zaɓa a 2019 da kusan kashi 73 cikin ɗari, ya ɗora laifin a kan jam'iyyu, musamman Ennahda.

Hujjarsa ta ɗaukar matakin ita ce sashe na 80 na kundin, wanda ya ba shugaba damar ɗaukar matakan gaggawa idan ƙasa na cikin haɗari. Sai dai sashen ya ce dole majalisa ta ci gaba da zama a lokacin. Sojoji suka tare ƙofarta, suka hana kakakinta Rashid Gannushi shiga, yayin da dubban mutane ke murna a tituna.

Kwana 30 suka wuce ba a buɗe majalisa ba. A Satumba Sa'id ya fara mulki da dokokin da shi kaɗai ke sa wa hannu. A 2022 ya rusa majalisar ƙoli ta alƙalai da majalisar dokoki, ya kori alƙalai 57, sannan ya kawo sabon kundin da ya tattara iko a hannun shugaba. Kusan kashi 30 cikin ɗari na masu zaɓe ne kawai suka fito ƙuri'ar raba gardamar da aka yi a kan sabon kundin. An kama Gannushi a Afrilun 2023, Sa'id kuma ya sake lashe zaɓe a Oktoban 2024 da fiye da kashi 90 cikin ɗari, bayan an hana manyan abokan hamayyarsa takara.

Rashin kotun tsarin mulki da gajiyar talakawa da alkawuran 'yan siyasa ne suka buɗe wa mulkin mutum ɗaya ƙofa a Tunisiya.