Basirar Gano Cuta a Wajen Ɗaliban Likitanci

Basirar gano cuta ita ce yadda ɗalibin likitanci ke haɗa bayanin majiyyaci da abin da ya gani a jikinsa da sakamakon gwaje-gwaje har ya gane ciwon. A 1978 Arthur Elstein da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna cewa likita kan fara zargin 'yan cututtuka tun a mintocin farko, sannan ya riƙa tantance su. Abin da ya fi jan hankali shi ne, wanda ya gane wani ciwon nan take yakan kasa a wani. Ashe basirar tana rataye ne a kan sanin kowace cuta.

Wasu na ganin dabarar tunani ce ya kamata a fara koyarwa, suna kafa hujja da tsarin koyo ta hanyar warware matsala da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara a 1969. Sai dai amfanin tsarin yana cikin yawan misalan marasa lafiya da ɗalibi ke nazari. Wanda bai san alamomin sanƙarau ba, duk kaifin tunaninsa, yana iya ɗaukar zazzaɓin a matsayin maleriya.