Daga OpenOffice Zuwa LibreOffice: Nauyin Da Sauyin Suna Ya Ɗora Wa Makarantu

A shekarar 1985 kamfanin Star Division na ƙasar Jamus ya fitar da manhajar rubutu mai suna StarWriter, wadda ta bunƙasa ta zama StarOffice. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya sayi Star Division a 1999. A shekarar 2000 kuma ya saki tushen manhajar da sunan OpenOffice.org, kowa ya duba ya gyara. Makarantu masu ƙaramin ƙarfi suka rungume ta, domin ana rubutu da lissafi a kanta ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Al'amura sun sauya a farkon 2010, lokacin da kamfanin Oracle ya mallaki Sun. Da yawa daga cikin masu aikin manhajar ba su natsu da sabon mai gidan ba. A ranar 28 ga Satumba, 2010, suka sanar da kafa gidauniyar The Document Foundation, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice, tunda tsohon sunan yana hannun Oracle. A watan Yunin 2011 Oracle ya miƙa nasa ɓangaren ga gidauniyar Apache, aka samu Apache OpenOffice.

Nauyin wannan rabuwa ya sauka a kan ma'aikatan da ke kula da kwamfutocin makarantu. Su ne za su zaɓi wadda za a ɗora, su sake rubuta takardun koyarwa, su kuma kwantar da hankalin malamin da ya tarar da baƙon suna a allo. A wasu wuraren ma ba su sami zaɓi ba, domin Ubuntu ta koma LibreOffice a fitowarta ta Afrilun 2011. Babbar matsalar ita ce sunan da malamai suka saba da shi ya tsaya a ɓangaren da aikinsa ya yi sanyi, alhali yawancin gyare-gyare suna fitowa ne a ƙarƙashin sabon sunan.

Abin da ya rage wahalar shi ne tsarin adana takardu na OpenDocument, wanda hukumar ISO ta amince da shi a 2006. Manhajojin biyu duk da shi suke aiki, saboda haka takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai na shekarun baya suka ci gaba da buɗuwa. Har yau fayil ɗin da ke tayar da LibreOffice sunansa soffice, gadon StarOffice.