Tasirin Taimin na Kamshaf da Haɗakar Bawul a Kan Silo da Tafiyar Mota

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda lokacin buɗewa da rufewar bawuloli ke shafar silon inji da daɗin tuƙi. An fi mayar da hankali kan ɗan zangon da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke buɗe tare, wanda aka kira haɗaka a nan. An nuna cewa haɗakar da ke ƙara wa inji ƙarfi a guje ita ce ke hana shi natsuwa a tsaye.

Yadda Haɗaka Ke Faruwa

Inji mai bugu huɗu yana kammala aikinsa ne idan karanshaf ya juya sau biyu, wato digiri 720, kamshaf kuwa sau ɗaya. Bawul ɗin shiga yakan fara buɗewa kafin fistan ya kai ƙololuwa, na hayaƙi kuma ba ya rufewa sai fistan ya fara sauka. Idan na farko ya buɗe da digiri 10 kafin ƙololuwa, na biyu ya rufe da digiri 10 bayanta, haɗakar ta zama digiri 20 ke nan.

Amfaninta yana bayyana idan an taka totur. Hayaƙin da ke fita da gudu yana janyo sabuwar iska cikin silinda, sai ta cika sosai. A silo kuwa, inda inji ke juyi 600 zuwa 800 a minti, maƙogwaron iska kusan a rufe yake, kuma iskar ba ta da ƙarfin gudu. Sai hayaƙi ya koma baya ta bawul ɗin shiga, ya gurɓata mai da iska. Wani bugun ya kama wuta, wani ya yi rauni, sitiyari ya ɗauki kakkarwa, allurar juyi ta yi ta hawa da sauka. Zuƙar iska ma tana raguwa. Lafiyayyen inji yakan nuna inci 17 zuwa 21 a ma'aunin zaiba, mai faɗin haɗaka kuwa yana iya faɗowa ƙasa da 12. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da wannan zuƙar ce birki ke samun taimako. Idan ta yi ƙasa, sai fedar ta yi tauri a ƙafa.

Taimin Mai Sauyawa

Maganin wannan matsala shi ne taimin mai sauyawa, wanda ke canza haɗaka gwargwadon gudun inji. Alfa Romeo ne ya fara sa shi a motar kasuwa a 1980. Honda ya fito da VTEC a 1989, BMW ya biyo da VANOS a 1992. A tsarin VVT-i na Toyota, kwamfutar mota tana amfani da matsin baƙin mai ta juya kamshaf: ta rage haɗaka a silo, ta ƙara ta idan mota ta miƙa hanya.

A nan ne maganar ta shafi garejojinmu, ganin yawan Corolla da Camry a titunan Kano da Kaduna. Idan baƙin mai ya daɗe ya yi kauri, ƙaramar rariyar da ke tace shi kafin ya isa na'urar da ke juya kamshaf sai ta toshe, ko bawul ɗin man ya maƙale, kamshaf ya tsaya a matsayin gudu. Motar za ta riƙa mutuwa a cunkoso, alhali a babban titi lafiya lau take. Haka nan kuskuren haƙori ɗaya wajen ɗaura bel ɗin taimin: a giyar kamshaf mai haƙora 40, wannan digiri 9 ne, daidai da 18 a karanshaf.

Sau da yawa akan canza fulogi, a wanke nozul, a ƙara silo, ciwon kuma yana nan. Ya kamata makaniki ya fara auna zuƙar iska, ya duba makin taimin da lafiyar baƙin mai, ya karanta lambobin matsala na kwamfutar mota irin su P0011 da P0016, kafin ya sa mai mota sayen ko da fulogi ɗaya.