Daga Tafkin Gari zuwa Kududdufin Gida

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, su ya daɗe yana bin ambaliyar Gulbin Zamfara. Idan ruwa ya janye da kaka, kifi kan maƙale a tafkunan fadama, Sarkin Ruwa ya hana taɓa su har rani, sannan jama'a su faɗa da homa da gora rana guda, irin al'adar da ta shahara a Argungu tun 1934. Wannan hani shi ne kiwon farko.

Kiwon kifi na zamani a Arewa ya kankama da gonar kifi ta Panyam a 1951. Yanzu mai kududdufi shi ke sayen 'ya'yan tarwaɗa, ya ware manya don kada su cinye ƙanana, ya sauya ruwa. Abincin kifi ke cin mafi yawan jarinsa.