Babur Mai Aiki Da Lantarki: Yadda Yake Da Matsayinsa A Ƙasar Birnin Gwari

Babur mai aiki da lantarki babur ne da batir ke tuƙa shi a madadin fetur. Ana adana wuta a batirin litiyam, ita kuma ta juya injin da ke murɗa tayar baya. Ba shi da kafireta, ba fulogi, ba salansa, ba ya kuma shan baƙin mai, don haka ba ya hayaƙi, kuma zuwansa wurin bakanike bai kai na babur mai fetur ba.

Irin wannan sauyi ya kai har ƙasashen ƙanƙara. A Kanada, kamfanin Taiga na birnin Montreal yana ƙera babur mai sulɓi a kan dusar ƙanƙara da lantarki, saboda hayaƙi da rurin na fetur suna damun mutane da namun daji. A Afirka kuwa 'yan acaɓa aka nufa: kamfanin Ampersand a Ruwanda da Spiro a Benin da Togo sun kafa tashoshi inda mai babur zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna.

A Najeriya maganar ta yi ƙarfi bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, inda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. A garuruwa irin su Kakangi, inda babur ne ke kai buhun masara kasuwa, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti, tsadar ta shiga kowane gida. Mutanen yankin sun riga sun san wahalar mai: a 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari, ta kuma dakatar da hawan babur, don toshe wa 'yan bindiga hanya.

Sai dai ƙalubalen ba ƙarami ba ne. Yawancin waɗannan babura ba sa wuce kilomita 100 da caji ɗaya, musamman da kaya a hanyar laka, alhali daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ma ya fi haka. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce a ƙauye, sai dai cajin sola, batirin kuma shi ne mafi tsada a jikin babur.

Akwai kuma batun shirunsa, wanda masu talla ke yabo. A gefen dajin Kamuku wannan yabo yana buƙatar tunani, domin sau da yawa ƙarar babura daga nesa ita ce gargaɗin farko da manomi ke samu ya bar gona. Babur da ba a jin tahowarsa zai amfani ma'aikacin gandun daji da ke sintiri, amma duk wanda ya mallake shi zai mori shirun nan, har da wanda ake gudu.