Ƙungiyar Takeda ta Yamai: Gajeren Tarihi

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Malanville, a arewacin Jamhuriyar Benin, ya san yadda harsuna ke cuɗanya a bakin Kogin Kwara. Gada ɗaya ce tsakaninta da Gaya ta ƙasar Nijar, kuma a rumfa guda sai a ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci. Irin wannan cuɗanya ce aka yi ƙoƙarin mayarwa kiɗa a Yamai, a farkon shekarun 1990.

Tun a shekarun 1980 gwamnatin Nijar ta ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai suna Ɗan Gurmu. A wajajen 1990 kuma aka buɗe cibiyar horar da makaɗa a Yamai da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, aka raɗa mata sunan marigayi Alhaji Taya. A wannan cibiya aka kafa ƙungiyar Takeda. Manufarta ita ce a haɗa jita da gangunan Turawa da kayan kiɗan gargajiya kamar sarewa da kalangu da ƙwarya, ta yadda Bature zai iya saurare, Bahaushe da Bazabarme kuma su ji nasu ne.

Waɗanda aka tara ba ƙananan mutane ba ne. Akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya ɗauko waƙoƙin iskoki daga dandalin bori ya ɗora su a kan jita. Akwai Musa Pusi mai waƙa da Zabarmanci, da Fati Mariko, da Adams Junior mai salon rege, da Yakuba Mumuni mai busa sarewa. A nan ƙarfin ƙungiyar yake, a nan kuma rauninta yake. Kusan kowannensu jagora ne mai masoyansa da harshensa, kuma cibiya ce ta haɗa su, ba su suka nemi juna ba. Zamanin ma bai taimaka ba: ma'aikata na bin gwamnati bashin albashi, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan kiɗan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada.

A 1994 ɗin ne kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifan "Niamey Twice", amma da sunayen mutum biyu kawai, Musa Pusi da Sa'adu Bori. Daga nan kowa ya kama gabansa. Yakuba Mumuni ya kafa Mamar Kassey a 1995, ƙungiyar da ta kai wannan salo Turai da faifanta "Denké-Denké" na 1999. Shi kuwa Sa'adu Bori, kasuwarsa ta fi buɗewa a ƙasar Hausa, inda kaset-kaset ɗinsa suka cika tashoshin mota har Kano da Katsina. Ya rasu a hatsarin mota a shekarar 2008.